Allura da ƙarin ruwa ba aikin ɗan agaji ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na lafiya na rediyo na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun bar mutum ya bugo waya ya ce mu 'yan agaji kaki da usur kawai gare mu, wai an yi haɗari a gabansa, ɗan agaji ya zo ya durƙusa ya riƙe kan wanda ya ji rauni, ko allura bai yi masa ba, balle ƙarin ruwa. Mai gabatarwa ya amsa masa da cewa lallai akwai gyara, ya wuce kira na gaba. Likitan da kuka gayyato yana zaune bai ce uffan ba. Haka jama'a daga Daura har Mai'adua da Zango da Baure suka kwana da cewa ɗan agajin da bai soka allura ba bai san aikinsa ba.

Ni ɗan agaji ne, tun ina saurayi nake sa kakin nan. Yaron da wancan bawan Allah ya gani a durƙushe, aikinsa yake yi, kuma ya yi daidai. Wanda mota ta watsar, ba mai sanin halin da ƙashin wuyansa yake ciki sai an ɗauki hoto a asibiti. In ƙashin ya tsage, juyi ɗaya ya isa ya taɓa lakar da ke ciki. Mutum yana motsa ƙafa a bakin titi, a kai shi asibiti ƙafar ta mutu.

Na ga haka da idona a hanyar Kazaure. Kafin mu iso, jama'a sun riga sun ciccibi wani matashi ɗan acaba, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, suka naɗe shi a bayan Keke Napep. Duk cikinsu ba mugu, tausayi ne ya sa su. Amma yaron nan yau a kwance yake kan tabarma, mahaifiyarsa ce ke juya shi, ita ke kwashe masa kashi da fitsari, matarsa ta koma gidansu. Duk lokacin da na je gaishe su, tsohuwar sai ta ce mini, "Ɗana, haka Allah ya ƙaddara." Ina amsa mata da haka ne, Inna. In na fito sai ƙirjina ya yi nauyi, don na san da an sami mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan nan har a kawo katako a shimfiɗe shi, wataƙila da yanzu yana kan babur ɗinsa. Wannan riƙe kan shi ne aka yi wa dariya a gidan rediyonku.

Abin da aka koya mana sananne ne, ba kuma ƙarami ba ne. Mu tare hanya kada wata motar ta ƙara afkawa, mu duba ko mutum yana numfashi. Jini in yana zuba a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, in yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa a ɗaure saman ciwon tamau a rubuta lokacin da aka ɗaure. Wanda numfashinsa ya tsaya a danna masa ƙirji sau 30 a hura masa iska sau 2, dannawar tana tafiya 100 zuwa 120 a minti. Karaya a tallafe ta yadda aka same ta, ba ja, ba miƙarwa. Ƙuna a yi ta zuba ruwa mai sanyi har minti 20, ba man goge baki, ba baƙin mai. Daga nan sai asibiti. Allura, ƙarin ruwa, ɗinki, zare ƙarfen da ya soki mutum, duk ba namu ba ne.

Wata ranar kasuwar Mai'adua wata mota ta kife da fasinja. Ina kan wani magidanci da ya bugu a kai, yana amai, cikinsa ya yi tauri, sai ga wani mai kemis ya ratso jama'a da sirinji a hannu, wai zai kashe masa zafi. Wani kuma ya fasa ruwan leda yana neman ɗura masa. Na hana su duka biyun. Malam Edita, zagin da na sha ranar sai wanda ya ji. Aka ce ni mara imani ne, ina kallon Musulmi yana ihu. Da muka isa asibiti, tambayar farko da nas ta yi mini ita ce ko an ba shi wani abu. Na ce ko ɗigon ruwa. Ashe jini ne ke zuba a cikinsa, a daren aka shiga da shi tiyata, kuma ya tashi. Wasu alluran kashe zafi suna ƙara zubar jini, wasu suna danne numfashi su sa barci, likita ya kasa gane ko buguwar kai ce ke gusar wa mutum da hankali ko allura ce. Ruwan da aka ɗura wa wanda hankalinsa bai cika ba, huhu yake iya tafiya. Likitanku ya san duk wannan ya fi ni sani, shi ya sa shirunsa ya ƙona mini rai.

Ko ma'aikacin lafiya da ya yi shekaru a makarantar Kankia ko ta nan Daura yana da littafin ƙa'ida da ya yanke masa inda zai tsaya ya tura gaba. Lasisin mai kemis na sayar da magani ne, bai ba shi izinin yin allura ba. To ni da horona na agajin gaggawa ne, wa ya ba ni? Kowa ya tsaya matsayinsa.

Da mai gabatarwa ya shirya, da ya juya fushin mai kiran inda ya dace. Abin da muka rasa a hanyoyin nan motar asibiti ce mai ɗauke da ma'aikacin da doka ta yarda ya sa ruwa ya yi allura a hanya. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin gaggawa na NEMSAS a 2022, ku tambayo mana inda ya kai a ƙauyukanmu. Ku gaya wa mutane akwai lambar 112, akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Ku gaya musu sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba a duba shi ko ba takardar 'yan sanda. Ko ɗaya ba a ambata ba cikin awa guda.

Ina neman ku dawo da likitan nan, ku zaunar da ɗan agaji kusa da shi, na Izala ne ko na Fityanu ko na Red Cross, a gyara maganar nan a lokacin da aka ɓata ta, daren Talata. Yaranmu ƙanana sun ji shirin. Tuni ɗaya ya tambaye ni ko ya fara yawo da sirinji a jaka don kada a raina shi.

 

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan agaji,
Daura, Jihar Katsina.