A buɗe wa manya ƙofar jami'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan karatun manya a jami'o'inmu.

Shekarata 56, kuma na fi shekara 30 ina koyarwa a firamare da takardar NCE. Sai da na aurar da 'yar autata sannan na koma neman digiri ta tsarin karatun Asabar da Lahadi. Ranar jarrabawarmu ta farko a kwamfuta ba zan manta da ita ba. Na san amsoshin sarai, amma hannuna sai rawa yake, na danna nan abu ya buɗe can. Wata yarinya da ke kusa da ni, sa'ar 'yata, ta ɗaga hannu ta kira mai sa ido ta ce, "Malam, a duba Mama, tata ta tsaya." Daga ranar jikana ya zama malamina. Kullum bayan isha'i mu zauna a tsakar gida da tsohuwar kwamfutar ubansa, yana cewa, "Hajiya, sau ɗaya ake dannawa, ba a riƙewa." Alhamdu lillahi, na gama.

Hanyoyi kam akwai su. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita. Obasanjo da ya farfaɗo da itan ma a can ya yi digirin digirgir a 2017, yana da kimanin shekara 80. Har a gidajen yari tana da cibiyoyin karatu. ABU Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, Jami'ar Bayero kuma tana da makarantar ci gaba da karatu. Duk na yaba.

Abin da ke damuna shi ne, waɗannan ƙofofi na masu takarda ne irina. Kafin a ba ka gurbin digiri sai ka kawo kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. To, maƙwabcina kafinta fa? Shekara 40 yana sassaƙa, yara takwas ke koyon aiki a ƙarƙashinsa, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar ruwa. Shi ba digiri yake nema ba. So yake ya iya lissafin kwangila, ya karanta zanen gini da injiniya ya miƙo masa, don kada a riƙa cutarsa. Da ya ga na gama, ya je wata makaranta ya tambaya, aka ce ina sakamakonsa na sakandare. Ya dawo ya zauna a kan bencinsa, ya ce da ni, "Malama, ashe mu an rufe da mu." Wallahi har yau maganar tana ci mini rai.

Mu a Arewa wannan aiki ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun yi ajin Yaƙi da Jahilci tun kafin samun 'yancin kai. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Sai dai wanda ya gama irin wannan aji ya iya karatu da rubutu, daga nan kuma ina zai nufa?

Don haka nake kira ga shugabannin jami'o'inmu da su buɗe gajerun kwasa-kwasai na wata uku ko shida, da yamma, ba tare da neman kiredit ba, kuma a koyar da Hausa. Ajujuwa suna nan a kulle bayan la'asar da lokacin hutu. A koyar da lissafin kasuwanci, kiwon kaji da kifi, haɗa sola, adana amfanin gona. Kuɗin kuma a bari a biya kaɗan-kaɗan, don mai fansho da mai sayar da ƙosai ba za su iya zubewa gaba ɗaya ba. Masu komawa digiri irina kuwa, a ba su sati biyu na koyon kwamfuta kafin jarrabawar farko, don ba kowace tsohuwa ke da jika a gida ba.

Maƙwabcin nawa ya ce in an buɗe, shi zai fara yankar fom, ya kawo yaransa takwas.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Gwammaja, Kano.