Soda Tana Cin Gilashin Kyamarar Zafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu gyaran kyamarorin gani da dare, da ɗaliban kimiyyar sinadarai, kan gilashin kalkojenaid.

Ba da yashi ake yinsa ba. Farar wuta, ko seleniyom, ko teluriyom ake narkawa tare da asenik ko jamaniyom. Hasken zafin da jikin mutum ke fitarwa yana ratsa shi, shi ya sa ake yin idon wasu kyamarorin zafi da shi.

Asid mai sauƙi bai cika yi masa illa ba, amma soda irin ta masu yin sabulu cinye shi take yi. Tana tsinka haɗin asenik da farar wuta, su narke su shige cikin ruwan. Giram 246 na As2S3, wato wannan haɗi na asenik da farar wuta, yana cin soda kusan giram 240. Gilashin seleniyom ya fi jinkirin narkewa.

Narkewar tana sauya zafin ruwan, kuma a nan amfanin yake. A narka soda giram 40 a lita ɗaya ta ruwa, a zuba cikin kalorimita, wato na'urar auna yawan zafi, a jefa garin gilashin As2S3 da aka auna nauyinsa, a rubuta sauyin zafin. Sai a maimaita da As2S3 mai ƙirar kiristal, wato wanda ƙwayoyinsa ke jere cikin tsari, ba kamar na gilashi ba. Ruwan da aka jefa gilashin a ciki zai fi zafi, kuma bambancin shi ne ƙarfin da ya maƙale a cikinsa lokacin da aka sanyaya shi da gaggawa.

Inda aiki ke lalacewa: soda da kanta tana fitar da zafi kusan kilojul 44 a kowane giram 40 idan ta narke, don haka wanda bai bar ruwan ya huce ba zafin soda ya auna. Idan aka bar kwalbar a buɗe, sodar tana shan iskar kabon ta yi rauni, iskar oksijin kuma ta sauya sulfayid, wato sinadarin farar wutar da ya narke a ruwan.

Ragowar ruwan guba ne. Kada a zuba shi a kwata, domin iyakar asenik da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha maikrogiram 10 ce a lita. Kada kuma a haɗa shi da asid, yana iya sakin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kisa.

Masu gyara, idon kyamarar da rufinsa ya karce ku nisanta shi da ruwan kanwa da maganin goge gilashi mai amoniya. Sifirit na aisofurofil da takardar goge idon kyamara sun wadatar.

Wassalam,
Wasu malaman kimiyyar sinadarai