Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni game da ƙwayoyin B

Ɗiyata, salamu alaikum.

Ran Lahadi kin bugo waya cikin shirin lafiya na rediyo, lokaci ya ƙure ban amsa miki ba. Kin ce a lakkol an koya muku a cikin garkuwar jiki ƙwayoyin B su ke ƙera antikor, wato sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta, ƙwayoyin T kuma su ke gwabzawa da cuta gaba da gaba, to me ya haɗa su?

Wannan rabon na kan allo ne, don sauƙin hadda. B maƙeri ce, gaskiya, amma maƙerin da ke kai wa sarkin yaƙi, wato T, rahoto.

Ki ɗauki sanƙarau, wanda mu mutanen Damagaram mun san shi duk lokacin zafi. Tsohuwar allurar rigakafinsa ɓawon sukari ne kawai na ƙwayar cutar. T ba ta gane sukari, shi ya sa kariyar ba ta daɗewa, kuma ba ta kama yara ƙasa da shekara 2 sosai. Da sabuwar allurar MenAfriVac ta shigo Nijar a 2010, an ɗaure sukarin da furotin na rigakafin tetanus. B ta cafke sukarin, ta haɗiye shi tare da furotin, ta yanyanka, ta baje guntayen a bayanta kan abin da ake kira MHC II. T ta gani ta farka, ita ma ta ba B izinin ƙera antikor mai inganci da riƙe kamannin cutar.

B takan taka birki ma. Wasu daga cikinsu suna fitar da IL-10, sinadarin da ke kwantar da T idan ta wuce gona da iri. A 2002 an nuna cewa ɓerayen da B ɗinsu ba ta fitar da shi ba sa murmurewa daga kumburin ƙwaƙwalwa da laka.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne maganin rituximab. Yana share B masu ɗauke da alamar CD20, amma ba ya taɓa B ɗin da suka gama girma suke zubo antikor, don ba su da alamar. A gwajin da aka wallafa a 2008 kan cutar da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyi, sababbin tabunan ƙwaƙwalwa sun ragu cikin makonni, alhali antikor na nan a jini. Ke nan B masu zuga T ne aka kawar.

A jarabawa dai ki fara da abin da malaminku ya rubuta, sannan ki ƙara wannan a ƙasa.

Ki gaida mutanen gida.
Babanki likita, daga Birni, Zinder.