A Koya Wa Yara Zane Da Lambobi Irin Na Zamanin Commodore 64

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan uwana malaman kwamfuta na makarantun sakandare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sa yara su haddace sassan kwamfuta, su ci jarrabawa, alhali ba su taɓa ba ta umarni ta bi ba.

A ganina, mu koya musu irin abin da ake yi da tsofaffin kwamfutoci. A 1982 aka fito da wata kwamfuta mai suna Commodore 64 a Amurka. Da talabijin ake haɗa ta, kana kunnawa tana jiran ka rubuta mata umarni da BASIC, wato wani yaren ba kwamfuta umarni. Ka rubuta POKE 53280,2, wato ka ce ta ajiye 2 a gida na 53280 na ƙwaƙwalwarta, nan take gefen allo ya koma ja. Ka sa 5 a maimakon 2, ya zama kore. An raba allon gida-gida, 40 a kwance, 25 a tsaye, kowane gida da lambarsa, daga 1024 zuwa 2023. Ka ajiye 81 a gida na 1024, sai 'yar ƙwallo ta bayyana can sama ta hagu. Ka share ta da 32, lambar da ke barin gida fayau, ka sake ajiye ta a gida na gaba, ta matsa dama. Ka ƙara 40 a kan lambar gidan, ta sauko layi ɗaya. Motsin da yara ke gani a wasannin waya ma dabarar ke nan: a goge, a sake zanawa.

Wadda ta fi burge ni ita ce ZX Spectrum ta Ingila, ita ma ta 1982. Tana barin mutum ya ƙirƙiri haruffansa har 21. Sai ka zana gidaje takwas-takwas a takarda, ka cike waɗanda kake so da fensir. Gidan da aka cike 1 ne, wanda aka bari 0 ne, kowane layi ya ba ka lamba guda idan ka tara darajar gidajen da ka cike: na farko daga hagu 128, na biyu 64, na uku 32, haka har zuwa 1. Na sa ɗalibaina sun zana ƙ da ɗ da ɓ ta wannan hanya. Wata yarinya da lissafi ke ba wuya ta zauna tana tara 128 da 64 da 32 ba wanda ya tilasta mata, don kawai tana son lanƙwasar ɗ ɗinta ta fito daidai. Wallahi ranar na ji daɗin aikina.

Ba sai mun nemo tsofaffin na'urorin ba. Akwai manhajar VICE, kyauta ce, tana mayar da kwamfutar yau tamkar Commodore 64. Ranar da babu wuta kuma, takarda da fensir sun isa a yi rabin aikin.

Ina kira ga shugabannin makarantu su ware darasi ɗaya a mako don wannan, kuma masu tsara manhajar karatu su sa shi tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Zariya