A gwada yadin tace mai a ruwan garejinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku don in taɓo batun baƙin mai da ke bin lambatu a Birnin Kebbi. Idan aka ce mai ya gurɓata ruwa, hankalin jama'a Neja Delta yake tafiya, alhali kullum makanikai da masu wankin mota da masu gyaran injin ban ruwa suna juye nasu a kwata, damina kuma ta kwashe shi zuwa fadama, inda shinkafarmu take, inda masunta ke jefa koma.

Masu bincike sun daɗe suna aiki a kan wani yadi da ke raba mai da ruwa. Yadin auduga ne, ko wani makamancinsa, a shafa masa ƙananan ƙwayoyin silika, sinadarin da ke cikin yashi, tare da silikon mai kama da roba ko wani abu mai kama da kakin zuma. Idan shafin ya kama, ruwa ba ya jiƙa yadin, sai ya dunƙule ya gangara, mai kuwa ya ratsa ya wuce. Duk wanda ya ga ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza ya san abin da nake nufi. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Wilhelm Barthlott, da abokin aikinsa suka bayyana sirrin irin wannan ganye a 1997: kaushi ne da ido ba ya gani, lulluɓe da kaki. Ma'aunin da ake bi shi ne kusurwar da ɗigon ke yi da yadin, in ta haura digiri 150 an dace.

Sai dai yawancin gwaje-gwajen a ɗakin bincike ake yin su, da ruwa mai tsabta da mai mai tsabta. Ruwan wurin wankin mota kuwa laka ce da yashi da omo. Omo yana farfasa mai ya gauraya shi da ruwa har ya daina tasowa sama, irin wannan man kuwa yadin ba ya iya raba shi cikin sauƙi. Laka tana toshe saƙar, gogayya tana cinye shafin. Sannan ruwa ya fi mai nauyi, idan aka shimfiɗa yadin kamar rariya, ruwan ne zai kwanta a kai ya tare wa man hanya. A ganina gara a ɗinka shi jaka, a bar shi yana yawo a saman wani rami da aka haƙa, inda ruwan ya riga ya kwanta, man ya riƙa shiga ciki ana ɗebewa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne irin sinadarin shafin. Akwai dangin sinadarai masu ɗauke da fulorin da ake kira PFAS, suna korar ruwa ƙwarai, amma ba sa ruɓewa, suna taruwa a jikin kifi da na mutum. A 2019 Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu haɗari, ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin waɗanda za a daina amfani da su. Kada a kawo mana shi da sunan gyara.

Roƙona ga malamai da ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero shi ne su ɗebo ruwa daga gareji, yadda yake da dattinsa, su gwada shafin da ba fulorin, su faɗa mana wanki nawa yadin ke jurewa da kuma kuɗin kowane yadi. Su tafi da shugabannin makanikai tun daga farko. Man da aka tara ma yana da masu saye, kafintoci na shafa wa katako saboda gara, masu buga bulo na shafa wa ƙarfensu, don haka makaniki zai yarda ya haƙa ramin idan ya ga zai mayar da kuɗinsa.

Na gode.

Wani mai karatu,
Birnin Kebbi