Na'urar da ke cewa layina lafiya lau

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na daren Lahadi tun daga farko har ƙarshe, kuma da baƙon nan naku yana kusa, da na kamo hannunsa na kawo shi gidana a Garin Malam ya gani da idonsa. Wai kwamfuta ce yanzu ke gano matsalar intanet ɗin gida cikin minti guda, ba sai ma'aikaci ya tako ba, wai kuma ba ta kuskure. Ku ma kuka bar maganar ta wuce, ko tambaya ɗaya ba ku yi masa ba!

To ni kwana goma sha tara na yi ina fama. Akwatin wifi na sayo saboda ƴata da ke karatu a Jami'ar André Salifou, don ta riƙa sauke darussanta a gida. A watan Afrilu, da zafin nan da ke haura digiri 40, sai akwatin ya fara ɗaukewa: ya yi minti goma yana aiki, fitilunsa su mutu, ya sake tashi. In na kira lambar kamfanin, murya ce ke amsawa da Faransanci, danna 1, danna 3, jira ana bincike. Can sai saƙo ya shigo waya cewa layina lafiya lau, in kashe in kunna. Na kashe na kunna har yaran gida suka mayar da abin waƙa. Sau shida ina kira, sau shida amsa ɗaya. Tunda kuma na'urar ta ce babu matsala, ba a ma rubuta kokena ba, balle a turo mutum. Kuɗin wata kuwa suna ta ƙonewa.

Wa ya gano ciwon? Wani yaro mai gyaran waya a bakin Kasuwar Dole. Ya ɗora awonsa a kan cajar akwatin, ya nuna mini an rubuta bolt 12 a jikinta, amma da ta ɗau zafi sai ƙarfinta ya faɗi. Hawa da saukar wutar garin nan ne suka gajiyar da ita. Jika uku na biya aka ba ni sabuwa, shi ke nan. Ya yi mini bayanin da baƙonku bai yi ba: na'urar kamfani daga can nesa take leƙowa, ta duba ko akwatin na haɗe da rezo a daidai wannan daƙiƙar. In ta tarar da shi a farke, ta ce lafiya. Ba ta ganin caja, ba ta ganin ƙurar da ta toshe ramukan iska, ba ta san kaurin bangon ƙasa na ɗakin da aka ajiye shi ba. Kamar likitan da ke zuwa da hantsi ya duba mai zazzaɓin dare ne.

Ku dawo da baƙon, ku buɗe mana layi mu tambaye shi ko wa za a kira in na'urar ta ce lafiya alhali babu lafiya.

Sannan don Allah, tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa tsakiyar shiri, ku rage masa ƙara. Sai na tashi na rage rediyo, in shirin ya dawo kuma ba na jin komai.

Mai sauraronku,
daga Garin Malam, Damagaram