A Daidaita Karatu Da Lasisin Ƙwararrun Ma'aikatan Jinya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in ja hankalin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato kan wani giɓi da ya daɗe yana ci wa ma'aikatan jinya tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya yi aiki a asibitocin da ke nesa da birni, a cikin ƙananan hukumominmu 23, ya san cewa sau da yawa ma'aikacin jinya ne ke duba marar lafiya, ya gano cutarsa, ya rubuta masa magani, ya yanke shawarar a kwantar da shi ko a sa shi a mota zuwa Sakkwato. Ungozoma ke tsayawa kan naƙuda mai wuya da tsakar dare. A ɗakin tiyata ma, galibi nas ne ke ba da allurar barci. Ba shisshigi suke yi ba, likitoci ne suka yi ƙaranci, ga kuma rashin tsaro a gabashin jihar da ya ƙara korar ma'aikata. Gwamnatin tarayya da kanta ta amince da haka a 2014, da ta fito da manufar raba wasu ayyukan asibiti tsakanin ma'aikata. To amma manufa daban, lasisi daban. Ranar da abu ya ɓaci, nas ɗin da aka bar wa asibiti shi kaɗai za a tsare da tambayar wa ya ba shi izini.

Ba karatun ne babu ba. Bayan shaidar farko, mutum na iya ƙaro kwas na ƙwarewa: jinyar masu taɓin hankali kamar yadda ake koyarwa a Kware, jinyar ido a Kaduna, aikin tiyata, allurar barci, jinyar yara. Wani kuma ya bi ta jami'a ya yi digiri na farko da na biyu. Matsalar ita ce hanyoyin nan ba su haɗu a matsaya guda da za ta fayyace wane ne babban ƙwararre ba, da abin da aka yarje masa ya yi da hannunsa, da inda dole ya tsaya ya nemi likita. Sai ka ga mai digiri na biyu ya dawo ya ci gaba da aikin da ya bari, ko a ɗauke shi daga gadon marar lafiya a ba shi ofis, wanda a ganina asara ce babba.

Amurka ta sha irin wannan ruɗani. Tun 1965 aka fara horar da ƙwararrun ma'aikatan jinya masu duba marasa lafiya da kansu a Jami'ar Kolorado, amma kowace jiha da nata suna da nata sharaɗi, har 2008 da ƙungiyoyinsu suka amince da tsari guda. Suka kasa aikin gida huɗu: mai duba marasa lafiya, mai allurar barci, ungozoma, da ƙwararre a wani fannin jinya. Suka ce lasisi, da tantance makaranta, da jarrabawar ƙwarewa, da manhajar karatu, dole su tafi tare. Har yau ba duk jihohinsu suka ɗabbaƙa shi gaba ɗaya ba, don haka ban ce a kwafo shi ido rufe ba. Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta sa digiri na biyu a matsayin mafi ƙarancin karatu.

A nan ne nake da tsoro. In aka ce sai digiri na biyu aka yi shiru, an zubar da waɗanda suka tsufa suna riƙe da asibitocin karkara da shaidar kwas. A buɗe musu hanya: a lissafa kwas ɗinsu da shekarun aikinsu, su cike sauran a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, a kan tsarin da zai bar su suna aiki. Matar aure mai 'ya'ya a Tangaza ko Kebbe ba za ta iya tafiya kudu ta yi shekara biyu ba.

Na san wasu 'yan'uwanmu likitoci na ɗari-ɗari da wannan magana, suna gudun a buɗe ƙofa ga 'yan na-iya. Ƙofar ai a buɗe take yanzu, tunda duk mai farar riga a ƙauye sunansa likita, har da mai kemis. Rubutacciyar iyaka ce za ta rufe ta. Hukumar jinya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke da rajista da lasisi a hannunta. Ta zauna da hukumar likitoci da ta masu haɗa magunguna a fitar da jerin magungunan da ƙwararren nas zai iya rubutawa. Ita kuma gwamnatin jiha ta tanadi matakin albashi na wannan muƙami, in ba haka ba, mu horar, Ingila da Saudiyya su kwashe.

Wassalam.

Tsohon ma'aikacin jinya,
Unguwar Mabera, Sakkwato.